Ɗana Tamba Ya Girme Ni

Tamba ya girme ni da shekara ashirin da takwas, amma Baba yake kirana, kuma ba da wasa ba. Mahaifina, Malam Labbo, ya haife ni yana da shekara saba'in da uku, lokacin da babban ɗansa Dankure ya riga ya fara aurar da 'ya'ya. Tamba ɗan Dankure ne. Saboda haka ranar da aka raɗa mini suna Shamsu, wani ƙato mai gemu, mai mata da 'ya'ya biyu, ya durƙusa ya gaida jariri cikin zane, don an ce masa ga ƙanin ubansa.

Ina da shekara uku mahaifina ya rasu. Dankure ya ci gaba da riƙon gida, Tamba kuma ya ci gaba da riƙona. A kafaɗarsa na san hanyar fadama. Na yi masa ɓarna iri-iri, na tsinka masa raga, na zubar masa da fura, bai taɓa ɗaga mini hannu ba, don ɗa ba ya dukan uba ko da uban yana yawo ba wando. Iyakarsa ya tsaya a kaina ya ce, "Baba, in ka ƙare cin ƙasar, taho in wanke maka baki."

Sau ɗaya ya yi niyyar mai da ni mutumin ruwa. Ina shekara bakwai ya ɗora cikina a kan gora, irin babbar ƙwaryar nan da masunta ke hawa su yi iyo, ya tura ni cikin tafki. Gorar ta juya, na sha ruwa har na ga abin da ban taɓa gani ba. Ya cafko ni ta wuyan riga. Daga ranar na yi sallama da ruwa, na rungumi boko da hannu biyu. Yau shekarata talatin da biyar, ina koyar da Turanci a wata sakandare a Nasarawa cikin Birnin Kebbi, kuma ko wanka nake yi ba na son ruwa ya daɗe a fuskata.

Tafkin da na sha ruwansa namu ne, Tafkin Labbo ake ce masa, yana bayan gonakinmu na shinkafa kusa da Gulma. Da damina gulbin Rima yakan cika ya malala fadama, in ya janye sai ya bar ruwa a wannan kwari da kifi a ciki. Daga nan an rufe tafki. Ko ƙugiya ba mai jefawa sai ranar da maigida ya sa. In ranar ta zo, maigida ne zai fara shiga da gorarsa da homarsa, wato ragar hannu, ya yi bisimilla, kifin da ya fara kamawa ya ba wanda ya ga dama, sannan kowa ya faɗa. Gidaje goma sha ɗaya ke cin wannan kifi. A yi banda, a ajiye na miya har damina, a kai saura Argungu. Gwanintar duk a sa ranar take. In an yi gaggawa ruwa ya yi zurfi, kifi ya tsere. In an yi jinkiri zafi ya dafa ruwan, kifi ya mutu a banza.

Bara bayan girbi Dankure ya rasu. Ranar sadakar arba'in maza suka taru a zaure, aka shimfiɗa buzunsa, aka bar shi ba kowa, idanu suka dawo kaina. Cikin 'ya'yan Labbo maza ni kaɗai na rage.

A nan na yi wautar da har yau in na tuna nake jin kunya. Na gyara murya irin ta gaban allo na ce Tamba ya fi kowa shekaru a gidan nan, shi ya san ruwa, shi ya cancanta ya riƙe. A raina adalci nake yi, har ina jiran a yaba mini.

Tamba ya ɗago kai a hankali. Ya ce, "Baba, mi na yi maka da za ka kunyata ni gaban mutane? Uba na raye, ɗa ya hau buzunai?"

Wani ya yi tari a baya. Daga baya na ji cewa tun kafin a watse an fara raɗe-raɗin wai Tamba ne ya kitsa mini maganar, wai buzun yake so. Ni dai a lokacin haushi ne ya kama ni. Na kawo alheri an watsa mini ƙasa a ido. Na hau buzun ina huci. Da aka ce to maigida ya sa ranar buɗe tafki, ban dubi kowa ba, na zaro waya na duba kalandar makaranta, na ce Asabar ta farko ta hutunmu, cikin Afrilu. Tamba ya dubi ƙasa ya ce, "To, Baba." Na hau mota na koma Birnin Kebbi ina ganin na gama da wannan.

Wata Alhamis a tsakiyar Maris, zafi ya fara gasa mutane tun da hantsi, ina gaban 'yan aji biyar ina koyar da darasin da nake ji da shi. Na rubuta kalmomi uku a allo. Na ce musu Bature bai zuba girma a kwando ɗaya ba. Old na shekaru ne kawai, tsohon mutum da tsohon takalmi duk suna amsa shi. Elder na cikin dangi ne, wanda aka riga haifa, ko dattijon da ake jin maganarsa. Senior kuwa, siniyan da kuka sani, na matsayi ne, ana iya ba yaro shi a bar mai furfura. Na kawo musu misali da shugaban makarantarmu, wanda na girma da shekara biyu amma sai na nemi izininsa kafin in fita ƙofa. Aji ya yi dariya, ni ma na ji daɗin kaina.

Da na juya sai na ga mace tsaye a bakin taga da jakar leda a hannu. Sadatu ce, ƙanwar Tamba, mai bandar kifi a Argungu. Ita ta goya ni a bayanta har na yi wayo, ita ma Baba take ce mini, amma tata Baban tana da kaifi.

Muka tsaya a inuwar dogon yaro. Bayan gaisuwa ta ce, "Na ji karatu, Baba. Kana koya ma ɗiyan mutane wa ya girmi wa. Allah shi ƙara basira."

Na ce lafiya dai ta yi wannan tafiya cikin rana.

Ta kwance leda ta miƙo mini. Kifin karfasa ne guda uku, cikinsu ya kumbura, idanunsu sun yi fari. Warin ya sa na ja da baya.

Ta ce, "Ba kama su anka yi ba. Bisa ruwa na tsince su jiya da sahe. Tabkinka na, Baba."

Na ce to me ya hana Tamba ya kira ni? Yana da lambata.

"Shi kira ka shi ce mi? Shi ce ubanai ya yi kuskure? Tun ranar da ka yi wa'azinka cikin zaure mutane ka jiran su ji ya gyara maka magana ko guda, su ce a to, mun hwaɗi. Wuta ka sa mai a baki. Ni ko mace ta, na yi aure waje, in na yi rashin kunya gidan mijina za a kai ƙara."

Na tambaye ta yaushe ya kamata a buɗe.

Ta ɗaure ledarta ta ce, "Ni banda na sani. Ruwa sai mai shi."

Tsoro ya kama ni sosai, ba zan ɓoye ba. Abincin gidaje goma sha ɗaya yana ruɓewa, kuma bakina ne ya jawo. Na je na nemi izini wurin siniyan nan nawa, na kira matata Ɗayyaba na gaya mata kada ta jira ni da abinci, muka hau mota da Sadatu zuwa Argungu. Daga can na hau babur zuwa Gulma, ban ko biya gida ba na sauka fadama da takalmin zuwa aji.

Tun daga nesa na hango balbelu sun yi wa tafkin zobe. Ruwan ya ja baya ƙwarai, ya yi kore-kore, iskar da ke tasowa daga kansa ba ta da daɗi. Tamba yana gindin giyayyar da ke bakin ruwa. Ba raga yake gyarawa ba kamar yadda na zata. Rami yake rufewa da fartanya. Kusa da shi akwai wasu wuraren da ƙasa ta nuna an tona an mayar, na ƙirga shida.

Da ya gan ni ya ajiye fartanya ya rusuna. Furfura ta gama cinye gemunsa, gwiwarsa ta yi ƙara da ya durƙusa. Ya ce, "Baba, sannu da hanya. Ba a sanar da mu ba."

Na ce me yake binnewa.

Na matsa na tona da ƙafa, wutsiyar karfasa ta leƙo. Kullum da sassafe ashe yakan zo ya tsince waɗanda suka mutu ya binne, kada wani ya gani ya ce ranar da Baba ya sa ba ta yi ba. Ukun da Sadatu ta kawo mini su ne suka kuɓuce masa. Na zauna a ƙasa da wandon aiki, shi ma ya zauna, amma ya ɗan ja baya kada kafaɗarmu ta yi daidai.

Na ce, "Tamba, yaushe ya kamata a buɗe tabkin ga?"

"Ranar da Baba ya sa."

"Ranar da na sa kihi ya ƙare mutuwa."

"Allah shi ka rayawa, shi ka kashewa."

Na roƙe shi. Na ce ya dubi girman Allah, ya dubi mata da yara. Na ce ni yaro ne a gabansa, a kafaɗarsa na girma. Duk wanda na faɗa sai ya ƙara sunkuyar da kai, don kowace kalma tawa irin ta zaure ce, ina ƙoƙarin sauka daga wurina in tura shi. Ga kifi yana ɗago baki sama-sama a gabanmu yana neman iska, ga mutum ya san magani ya ƙulle bakinsa. Raina ya ɓaci. Na ji kamar in kama shi in girgiza.

Cikin wannan fushi ne abin ya faɗo mini. Wata huɗu ina ba mutumin nan abin da ba zai iya karɓa ba, ban taɓa neman abin da ba zai iya hanawa ba.

Na miƙe tsaye na kakkaɓe wando. Na ce, "Tamba, ni wane na gare ka?"

Ya ce, "Ubana."

"In ubanka ya sa ka aiki, kana ƙi?"

"Ban taɓa ba."

"To na sa ka. Tashi ka gwada mani abin da Dankure ka dubawa kahin shi sa rana. Kada ka rage komi. Umurni na, ba roƙo ba."

Ya dube ni ido cikin ido, abin da rabonsa da yi tun ina cin ƙasa. Gefen bakinsa ya motsa. Ya tashi da sauri har ya manta da gwiwarsa, ya zagaya bayan giyayya ya nuna mini wata ƙatuwar saiwa da ta fito daga gaɓa ta nutse cikin laka. Ya ce duk shekara ruwa yakan rufe ta. Ranar da bayanta ya bayyana, a ƙirga kwana bakwai a buɗe. Haka Labbo ya yi, haka Dankure ya yi. Ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya sa na shinshina, ya nuna mini inda karfasa ke fara taruwa in ruwa ya yi musu zafi, ya ce tarwaɗa tana da haƙuri, ita ce ke mutuwa ƙarshe. Magana ta ɓalle masa kamar an buɗe bakin rijiya, ni kuma na tsaya ina gyaɗa kai yadda nake so ɗalibaina su yi.

Na ce yau kwana nawa da fitowar saiwar.

"Sha ukku, Baba."

"To yaushe?"

"Da ni aka tambaya, gobe da hantsi, mu hito kahin Juma'a."

Na ce ai shi aka tambaya.

Bayan sallar la'asar na tsayar da mazan gidanmu a ƙofar masallaci. Ban yi muryar aji ba. Na ce ranar da na sa da kalandar makaranta na sa ta, kifi kuma bai san hutu ba. Kuskurena ne ni kaɗai. Na ce na zo na tilasta wa ɗana Tamba ya gaya mini abin da ya sani, ya ƙi sai da na ba shi umurni, kuma a kan maganarsa na mai da buɗe tafki gobe da hantsi. Wanda ya yi tarin nan a zaure yana wurin, na tabbata na dube shi da kyau lokacin da nake faɗin "ya ƙi". Wani tsoho ya ce matambayi ba ya ɓata. Aka watse kowa ya tafi neman gorarsa.

Saura abu ɗaya, wanda na yi ta kauce wa tunaninsa. Maigida ne ke fara shiga.

Da hantsi bakin tafki ya cika. Maza sun jeru da gora da homa, mata suna baya da kwanduna, Sadatu har ta haɗa wutar banda. Aka miƙo mini gorar Dankure, ta yi baƙi ta yi santsi don daɗewa. Na tuɓe riga. Na ji wata a baya tana cewa cikin Baba fari fat kamar na ɗan birni, aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Na yi bisimilla na taka. Laka ta riƙe idon sawuna, ruwan ɗumi ya hau gwiwa, ya hau ƙugu. Na kifa cikina a kan gora yadda aka taɓa nuna mini sau ɗaya a duniya, na tura. Ƙasa ta rabu da ƙafata. Nan take gorar ta fara juyawa, daidai yadda ta yi ina shekara bakwai, ruwa ya taɓa mini hanci, na buɗe baki zan yi abin kunya.

Sai ta tsaya cak. Wani hannu ya riƙe ta ta ƙarƙashin ruwa, inda na gaɓa ba za su gani ba.

Murya ta ce a bayan kunnena, "Ban shiga gabanka ba, Baba. Baya nike. Sa homa hannun dama, ƙasa-ƙasa."

Na sa. Na ja ba komai. Ya ce in sake, in bari ta taɓa laka. A karo na uku na ji abu ya buga, na ɗaga da ƙarfin da ya isa ɗaga ɗan maraƙi. Tarwaɗa ce, tsawonta bai fi tafin hannuna da rabi ba. Tun da nake a duniya ban ji an buɗe Tafkin Labbo da ƙaramin kifi irin wannan ba, amma na ɗaga ta sama, gaɓa ta ɗauki kabbara, mutane suka faɗo ruwa gaba ɗaya.

Ba mu tsira da duka ba. Karfasa ta yi ƙaranci, Sadatu ta ce kusan kashi ɗaya cikin huɗu ya tafi, kuma ta faɗa ne inda zan ji. Amma tarwaɗa da ramboshi sun fito da yawa, har da giwan ruwa biyu. Kafin kiran sallar Juma'a kwanduna sun cika, hayaƙin banda ya tashi, kowane gida cikin sha ɗayan ya sami rabonsa.

Ni dai tun da na fito nake riƙe da 'yar tarwaɗata. Da aka natsu na kira Tamba gaban kowa na miƙa masa. Na ce buzu yana wurina tun da haka gida ya ce, ni zan riƙa sa rana, ni zan riƙa fara shiga. Amma na ɗora wa ɗana Tamba aiki: duk shekara ranar da saiwa ta fito ya kira ni, in na yi kuskure ya gaya mini, wanda kuma ya ga laifin hakan ya zo ya same ni. Ya durƙusa cikin laka ya karɓa da hannu biyu, ya daɗe yana duban kifin. Da ya ɗago idanunsa sun yi ja, ya ce hayaƙin Sadatu ne.

Da la'asar ya rako ni inda ake hawa babur. Yana tafe taki ɗaya a bayana kamar kullum. Har na ɗora ƙafa sai ya yi gyaran murya.

"Baba, tunda an ba ni izinin magana."

Na ce ina ji.

"Asabar ɗin da ka sa cikin Afrilu, kada ta tahi banza. Maganar maigida ba ta hwaɗuwa ƙasa. Ka taho da gajeren wando, mu tahi gulbi. Akwai karatun iyo da munka fara shekara ashirin da takwas da sunka wuce, ba mu ƙare ba."

Na ce, "To, Tamba."

Ranar Litinin na sayi wandon a kasuwar Birnin Kebbi.